Fili Ba Ya Jiran Shari'a: Tarihin Fita da 'Yan Juri Gani da Ido

A Ingila da ƙasashen da suka riƙe tsarin shari'arta, irin su Amurka da Ostareliya, idan aka gurfanar da mutum kan babban laifi, alƙali ba shi ke cewa ya aikata ko bai aikata ba. Wannan aikin mutanen gari ne, galibi goma sha biyu, waɗanda ake zaɓowa daga cikin jama'a a rantsar da su, su zauna su saurari shaidu har ƙarshe. Su ake kira juri. Alƙali yana tsare ƙa'ida, su kuma suna auna gaskiyar magana. Tare da wannan tsari akwai wata tsohuwar al'ada: wani lokaci akan tashi daga zauren kotu, a kwashi 'yan jurin a kai su inda abin ya faru, ko bakin rami ne, ko gona, ko lungu, ko farfajiyar gida, domin su gani da idonsu. Mai karatu zai ce ai hakan shi ne daidai, tunda gani ya kori ji. Sai dai wanda ya bi tarihin al'adar zai tarar cewa abin da 'yan juri ke gani ranar ziyara wuri ne da ruwa da rana da hannun mutane suka riga suka taɓa bayan aukuwar laifin. Saboda haka abubuwan da ake ɗauka ƙananan hidimomi ne, kamar wace rana za a je, da wane lokaci, wa zai shiga mota da wa, wa ke da izinin buɗe baki, su ne ke tsara abin da ido zai ɗauko ya koma da shi kotu. A ganina al'adar ta cancanci a riƙe ta, amma da sharaɗin a amsa cewa shaida ce, a kuma ɗaure ta da duk ƙa'idar da ake ɗaure shaida da ita.

Asalinta rikicin ƙasa ne. A wajajen shekarar 1166, zamanin Sarki Henry na Biyu, aka fito da wata hanya ta gaggawa ga wanda aka ƙwace wa gona ko gida ba bisa shari'a ba. Takardar umarnin sarki takan ce wa wakilinsa na gunduma ya tara 'yantattun mutane goma sha biyu masu mutunci daga maƙwabtan wurin, su je su duba ƙasar kafin ranar zaman kotu. Mutanen nan ba baƙi ba ne. Sun san wanda ya noma gonar bara, sun san inda shingen yake kafin a matsar da shi, ziyarar tuni ce kawai ga abin da ke kansu. Haka ma jami'in binciken mutuwar da ba a san dalilinta ba, wanda ofishinsa ya samo asali tun 1194, yakan tara mutanen ƙauyukan da ke kewaye su tsaya a kan gawa su dube ta. Sanin da ɗan juri ke da shi tun daga gida shi ne jarinsa a wancan zamani. Har a 1670, a shari'ar Bushell wadda ta hana hukunta 'yan juri saboda abin da suka yanke, ɗaya daga cikin hujjojin babban alƙali Vaughan ita ce mai yiwuwa sun san wani abu game da lamarin wanda alƙali bai sani ba.

Sannu a hankali abin ya juye. Garuruwa suka girma, shaidu suka zama ginshiƙin shari'a, aka koma neman ɗan jurin da bai san komai ba game da ƙarar, wanda zai shigo da kunne kawai. Daga nan ziyara ta sauya ma'ana, domin wanda za a kai wurin baƙo ne, kuma baƙo sai da ɗan jagora. Wata doka ta 1705, zamanin Sarauniya Anne, ta ba kotu ikon tura shida ko fiye daga cikin 'yan juri su duba wurin da ake jayayya a kansa, tare da mutanen da aka naɗa musamman domin nuni. Aikin masu nunin shi ne su ce ga rijiyar, ga hanyar, ga iyakar, su tsaya nan. Ba a jima ba masu neman jan ƙafa suka mai da ziyarar hanyar ɗage shari'a, har a 1757 kotun da Lord Mansfield ke shugabanta ta tsaurara sharuɗɗan bayar da izininta. Dokar juri ta 1825 ce ta shimfiɗa tsarin har ya game shari'ar laifuka. A nan ne matsalar da muke magana a kai ta kunno kai, ko da yake ba a gane girmanta nan da nan ba. A rikicin gona, gonar ita ce abin shari'a, tana nan kuma ba ta tafi ko'ina ba. A shari'ar kisa kuwa, abin shari'a wani aiki ne na 'yan mintoci da ya wuce, wurin mazubinsa ne kawai, kuma shari'ar takan zo bayan shekara ɗaya ko biyu.

Ɗaki ana iya kulle shi a ajiye mabuɗi. Fili babu mai kulle shi, kuma babban abin da ke sauya shi tsiro ne. Manomi ya san cewa gonar da gero ya rufe mutum a cikinta a tsakiyar damina, ita ce da rani za a hango akuya daga ƙarshenta, kuma wanda ya gan ta da rani kaɗai zai rantse cewa babu inda za a ɓuya a ciki. Irin wannan gardama aka yi a 2023 a garin Walterboro na jihar Carolina ta Kudu, a shari'ar lauya Alex Murdaugh, wanda aka tuhuma da harbe matarsa da ɗansa ranar 7 ga Yuni 2021 kusa da ɗakunan karnukan farauta a gandunsu mai suna Moselle, mai faɗin eka kusan 1,700. Lauyoyinsa ne suka nemi a kai 'yan juri, domin su ga ƙanƙantar ɗakin ajiyar abincin dabbobi inda aka harbi yaron, su kuma auna tazarar da ke tsakanin gidan da ɗakunan karnukan. Masu gabatar da ƙara suka ƙi amincewa, hujjarsu ita ce itatuwan da ke tsakanin wuraren biyu sun ƙara tsawo da duhuwa cikin wata ashirin da suka shige, don haka ido zai ba da labarin da ba shi ne na daren kisan ba. Alƙali Clifton Newman ya yarda a je, aka je ranar 1 ga Maris, da safe, alhali kisan da almuru ya auku. Washegari suka same shi da laifi. Kowane ɓangare yana da gaskiya a abin da ya faɗa: faɗin ɗaki da nisan tafiya ba su sauya ba, amma abin da ake iya hangowa daga ƙofar gida ya sauya.

Shari'ar Soham a Ingila ta fi nuna zurfin abin. 'Yan mata biyu masu shekara goma, Holly Wells da Jessica Chapman, sun ɓata ranar 4 ga Agusta 2002, aka tsinci gawarwakinsu ranar 17 ga watan a wani ramin ruwa kusa da sansanin jiragen yaƙi na Lakenheath. Lokacin zafi ne, ciyayi sun yi kauri. Masaniyar tsirrai Patricia Wiltshire ta duba wani ganye mai ƙaiƙayi da aka tattake a hanyar shiga ramin, ta gane daga sababbin rassan da ya fitar cewa kusan mako biyu ke nan da aka bi ta kansa. Wannan shaida ce da fili ya bayar, amma ta 'yan kwanaki ce, wanda bai ɗauke ta a lokacin ba ya rasa ta har abada. Da aka kwaso 'yan juri daga kotun Old Bailey ta Landan aka kai su wurin a Nuwamba 2003, a bakin hunturu ake, wata goma sha biyar bayan aukuwar abin. Gidan Ian Huntley ma, wanda ake tuhuma, masu bincike sun riga sun kwashe kayan cikinsa. Abin da ziyarar za ta iya koya musu shi ne kaɗaicin wurin da wuyar hanyarsa, wato sai wanda ya san yankin zai nufe shi. Wannan ba ƙaramin amfani ba ne, amma iyakarsa ke nan.

Hannun mutum ma yana sauya wuri, kuma da zarar ya sauya, dole wani ya yi bayani, bayanin nan kuwa shi ne ƙofar rigima. A 1931 aka kashe ma'aikacin wani gidan mai a Somerville ta jihar Massachusetts. Da aka kai 'yan juri wurin, famfunan mai uku suka gani, alhali daren kisan biyu ne, sai alƙali da kansa ya gaya musu haka a tsaye a filin. Wanda ake tuhuma, Herman Snyder, ya nemi a tafi da shi aka hana. Maganar ta kai Kotun Ƙolin Amurka, wadda a 1934 ta yanke, alƙalai biyar a kan huɗu, cewa rashin halartarsa bai tauye masa haƙƙi ba tunda lauyansa yana wurin kuma babu abin da zuwansa zai ƙara. Ina tare da huɗun nan da suka saɓa. Mutumin da ransa ke kan sikeli shi ya fi kowa iya lura cewa kwanar da ake nunawa ba haka take ba, ya raɗa wa lauyansa. A binciken mutuwar magoya bayan Liverpool a filin ƙwallon Hillsborough, wadda ta auku a 1989, an kai 'yan juri filin a 2014, bayan shekara ashirin da biyar, an riga an rushe wuraren tsayuwar da mutane suka matse a ciki an sa kujeru. Sai da aka jera alamomi a ƙasa ana cewa nan katanga take, nan ƙofa take. A irin wannan hali idon ɗan juri yana bin hannun wanda ya jera alamar ne.

Idan sauyin da gangan aka yi shi, abin ya fi muni. Ranar Lahadi 12 ga Fabrairu 1995, alƙali Lance Ito ya fita da 'yan jurin shari'ar O.J. Simpson cikin jerin gwanon motoci goma sha huɗu, 'yan sanda sun tsare tituna a unguwar Brentwood ta Los Angeles. Masu gabatar da ƙara suna son su ga ƙuncin ɗan lungun da ke ƙofar gidan Nicole Brown, tsohuwar matar Simpson, a titin Bundy, inda aka kashe ta tare da Ronald Goldman, domin su yarda cewa mutum guda zai iya aikata abin. Sun ga lungun, amma da rana tsaka, an wanke jinin, gidan kuma babu komai a ciki, alhali kisan cikin dare aka yi shi a Yunin 1994. Da aka isa gidan Simpson a titin Rockingham sai suka tarar da gida mai rai. Lauyoyinsa sun sauya hotunan bango, sun rataye na danginsa da na baƙaƙen fata, domin akasarin 'yan jurin baƙaƙe ne, kuma ɗaya daga cikin lauyoyin, Carl Douglas, ya amsa haka daga baya a bainar jama'a. Wannan jawabi ne cikakke da aka yi wa juri ba tare da an furta kalma ba, kuma babu wanda aka rantsar a kansa balle a yi masa tambayoyin ƙure.

Sai kuma wahalar ɗaukar kotu a kai ta waje. Zauren kotu an gina shi ne domin raba mutane: ƙofar juri daban, wurin wanda ake tuhuma daban, 'yan kallo a bayan shinge, magatakarda yana rubuta duk abin da aka faɗa. A fili babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Tun a 1893, da aka ɗauko 'yan jurin shari'ar Lizzie Borden daga New Bedford zuwa Fall River su duba gida da farfajiya da rumbun ajiya, jama'a suka yi cincirindo suna kallo. Kalma ɗaya daga bakin ɗan kallo tana iya rushe shari'ar makonni. A Moselle sai da aka nemi jami'an tsaro su killace gandun saboda masu kutsawa suna ɗaukar hoto. Zaman mota ma yana da hukunci: a 1992 babbar kotun Ingila ta soke wani hukuncin majistarorin garin Ely, domin mai gabatar da ƙara ya shiga mota ɗaya da su zuwa ziyarar, an kuma hana wanda ake tuhuma halarta. A 1957, a ƙarar Tameshwar da ta taso daga Guyana lokacin tana ƙarƙashin Birtaniya, kotun ƙoli ta ƙasashen rainon Ingila da ke Landan ta soke hukunci saboda shaidu sun nuna wa 'yan juri inda suka tsaya alhali alƙali ba ya wurin. Ga kuma halin ɗan Adam, wanda idan ya ga abu yana son ya taɓa ya gwada. A shari'ar Scott Peterson a Kalifoniya a 2004, da aka bar 'yan juri su sake duba ƙaramin kwalekwalen da aka ce daga cikinsa ya jefa gawar matarsa a ruwa, wasunsu suka hau suna jijjiga shi don su ga ko zai kife, alhali yana kan tudu. Lauyan Peterson ya nemi a rushe shari'ar, alƙali ya ƙi, ya dai tuna musu cewa kwalekwalen ba a kan ruwa yake ba.

Ganin waɗannan matsaloli, wasu kotunan Amurka tun ƙarni na 19 suka nemi mafita ta baki. Suka ce ziyara ba shaida ba ce, taimako ce kawai domin fahimtar shaidar da aka ji a zaure. Dalilinsu yana da nauyi: kotun ɗaukaka ƙara takarda take karantawa, abin da ido ya gani a daji kuwa ba ya shiga takarda, to ta yaya za ta duba hukuncin da aka gina a kansa? Amma mafitar ba ta warware komai ba. Babu yadda za a ce wa mutum ya taka tudu da ƙafarsa, ya ji numfashinsa ya ɗauke, sa'an nan ya manta da hakan idan shaida ya ce a guje ya haye shi cikin minti ɗaya. Alƙali Cardozo da kansa, wanda ya rubuta hukuncin masu rinjaye a ƙarar Snyder, ya amsa cewa tasirin ziyara na shaida ne ko da wane suna aka ba ta. Illar wancan suna ita ce yana sassauta tsaro: idan ba shaida ba ce, me zai sa a kai wanda ake tuhuma, me zai sa a rubuta abin da aka nuna? Dokar shaida ta Ostareliya ta 1995 ta fi gaskiya. Ta ce juri na iya ɗaukar duk ma'anar da ta dace da hankali daga abin da ya gani, ta kuma wajabta wa alƙali, kafin ya ba da izini, ya duba ko ɓangarorin za su samu halarta da kuma yadda wurin ya sauya.

Akwai masu cewa zamani ya wuce wannan duka. Ga hotunan da aka ɗauka ranar da abin ya faru, ga bidiyo, ga jirgi maras matuƙi da ke ɗauko fili daga sama, ga na'urar da ke auna wuri ta sake gina shi a kwamfuta. Waɗannan sun fi ziyara ta fuska guda mai muhimmanci, wato suna riƙe wurin yadda yake a makon laifin, kuma suna shiga takardun shari'a. A mafi yawan ƙararraki sun wadatar, shi ya sa ziyara ta zama abin da ba a cika yi ba, kuma hakan daidai ne. Amma hoto ma wani ne ya zaɓi inda zai tsaya ya ɗauka, galibi ɗan sanda, kuma gilashin kyamara yana faɗaɗa ƙaramin wuri ya matso da na nesa. Gangaren ƙasa, santsin laka, tsawon tafiya a jiki, yadda murya ke kaiwa daga nan zuwa can, ba su fitowa sosai a allo. Idan shari'a ta rataya a kan irin waɗannan abubuwa da shekara biyu ba ta sauya su, ƙafa da ido sun fi na'ura. Idan kuwa ta rataya a kan haske ko duhuwar ganye ko abin da ake iya kawarwa, ziyarar na iya ɓatar da juri fiye da yadda za ta shiryar da shi, kuma ya kamata alƙali ya ƙi ta ko da ɓangarorin biyu suna so.

Masu cewa a daina ta kwata-kwata saboda haɗarinta su duba abin da ya faru a birnin Sidni na Ostareliya. An yi wa wata yarinya mai shekara goma sha shida fyaɗe da dare a wani lambun shaƙatawa mai suna Gosling a unguwar Greenacre a 2000, kuma ɗaya daga cikin tambayoyin shari'ar Bilal Skaf da ɗan'uwansa ita ce ko hasken wurin ya isa ta gane fuska. Biyu daga cikin 'yan juri suka tafi lambun da kansu da dare, suka gwada ko za su iya shaida juna daga nesa. Tambayarsu ta hankali ce, hanyarsu ce ta ɓaci, domin babu lauyan da ya samu damar tambaya ko fitilun da suka gani su ne na daren laifin. A 2004 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin ta ce a sake shari'a. Yarinyar ta ce ba za ta iya sake tsayawa ta maimaita abin da aka yi mata ba, sai da jihar da Sidni ke ciki ta gyara doka aka yarda a karanta shaidarta ta farko, sa'an nan aka sake samun su da laifi a 2006. Jihar ta kuma mai da binciken ɗan juri na ƙashin kansa laifi. Hukunci yana rage abin, amma ƙishirwar ganin wuri ba ta gushewa, kuma yau taswirar intanet tana cikin aljihun kowa. Gara kotu ta kai su da kanta, a sa'ar da ta yi daidai da ta laifin, bayan an amince a rubuce kan abin da ya sauya.

Kotunan Najeriya na yau ba sa aiki da juri, amma sun gaji ziyarar daga tushe guda, kuma duk wanda ya taɓa bin shari'ar gona ya san ranar da alƙali ke fita duba iyaka. Sashe na 127 na dokar shaida ta 2011 ya ba da hanya biyu: ko a mayar da zaman kotun wurin a ci gaba da shari'a a can, ko a je a duba a dawo zaure a karɓi shaida kan abin da aka gani. Kotunan ɗaukaka ƙara sun sha gargaɗin kada alƙali ya mai da kansa mai ba da shaida, ya gina hukunci kan abin da idonsa ya gani ba tare da ɓangarorin sun samu damar yin tambaya a kai ba. Matsalar a nan ta fi ta Ingila kaifi ta wani gefe, domin tazarar da ke tsakanin damina da rani tana sauya fuskar ƙasa fiye da yadda hunturu ke yi a can, rafi ya ƙafe, hanya ta ɓulla inda da ruwa ne, kuma shari'a takan ɗauki shekaru kafin a kai ga ranar fita.